Annoba a jihar Tahoua: yadda ƙungiyoyi ke dafa wa ƙananan hukumomi, da darasin zazzaɓin Rift na 2016

A watan Janairun 2016 gwamnatin Nijar ta sa hannu a kan dokar da ta miƙa wa ƙananan hukumomi wani ɓangare na aikin kiwon lafiya. Wata bakwai bayan haka, tun kafin kuɗin aikin su fara isa ma'aikatun magadan gari, wata cuta da ba a taɓa tabbatar da annobarta a ƙasar ba ta ɓulla a arewacin jihar Tahoua. Tumaki da awaki suka dinga ɓari, ƴan raguna na mutuwa, daga baya makiyayan da ke kula da su suka fara kwantawa. Cutar ita ce zazzaɓin Rift. Wata ƙungiyar ƴan Nijar mai suna BEFEN, tare da abokiyar aikinta ALIMA, na cikin waɗanda suka fara kai wa hukumomin yankin ɗauki.

Abin da ya faru a wannan damina ya nuna irin taimakon da ƙungiya ke iya bai wa ƙaramar hukuma a lokacin annoba, ya kuma nuna aikin da ba mai iya yin sa in ba ƙaramar hukumar da kanta ba.

Wa ke da alhakin me idan annoba ta ɓarke

Ƙananan hukumomin Nijar, waɗanda jama'a suka fi sani da komin, sun fara aiki da zaɓaɓɓun kansaloli bayan zaɓen 24 ga Yulin 2004. Kundin dokar da ke tsara aikinsu ya fito ranar 17 ga Satumban 2010. Jihar Tahoua na da gundumomi 12 da ƙananan hukumomi 44, ciki har da da'irori biyu na birnin Tahoua. Idan aka bar birnin aka nufi arewa, za a ratsa ƙananan hukumomin arewacin Adar irin su Kalfou, Barmou, Affala da Takanamat, inda noma da kiwo ke cuɗe da juna, kafin a shiga Azawak, ƙasar makiyaya, inda Kao, Tabalak, Abalak, Tchintabaraden, Tassara da Tillia suke.

Dokar 26 ga Janairun 2016 ta ɗora wa ƙananan hukumomi ayyuka a fannoni huɗu: ilimi, kiwon lafiya, ruwa da muhalli. A fannin lafiya, ginawa da gyarawa da kula da ɗakunan shan magani na ƙauyuka da cibiyoyin CSI sun dawo wuyansu. Tun kafin wannan doka, magajin gari ne ke da alhakin tsabtar gari, kuma kasuwanni da mayanka na ƙarƙashin kulawarsa.

Sai dai bin diddigin cututtuka yana da nasa layi na daban. Ma'aikacin ɗakin shan magani yana kai rahoto ga majo na CSI, majo ya kai ga babban likitan gunduma, daga nan zuwa hukumar lafiya ta jiha a Tahoua, sannan Yamai. Akwai jerin cututtukan da doka ta wajabta bayar da rahotonsu kowane mako, irin su kwalara, sanƙarau da ƙyanda, kuma duk wata mutuwa mai yawa da ba a san dalilinta ba ana son a sanar da ita nan take. Ministan kiwon lafiya ne ke shelar cewa annoba ta ɓarke. Gwamna da prefe, waɗanda ke wakiltar gwamnatin tsakiya, su ke jagorantar kwamitocin yaƙi da annoba na jiha da na gunduma.

Ke nan magajin gari ba ya ba likita umarni, ba shi da ɗakin gwaje-gwaje, kuma kasafin kuɗinsa ya dogara ne a kan lampo da harajin kasuwa, waɗanda ba sa shigowa yadda ake so. Amma idan mutane suka fara mutuwa, ƙofarsa ake fara bugawa. A cikin wannan giɓi ne ƙungiyoyi ke shigowa.

Mene ne zazzaɓin Rift

Sunan cutar ya samo asali ne daga kwarin Rift na ƙasar Kenya, inda masana suka gano ƙwayar bairos ɗinta a 1931 bayan ta yi ɓarna a garken tumaki. Asalinta cutar dabbobi ce: tumaki, awaki, shanu da raƙuma. Sauro ne ke yaɗa ta tsakanin dabbobi, shi ya sa ta fi tashi a shekarar da ruwan sama ya yi yawa, tabkuna suka cika. Babbar alamarta a garke ita ce ɓari mai yawa a lokaci guda. Kusan duk tunkiya mai ciki da ta kamu takan yi ɓari, kuma cikin ƴan raguna goma da suka kamu tara na iya mutuwa.

Mutum kan kamu ne mafi yawa ta hanyar taɓa jini ko naman dabbar da ke ɗauke da cutar: wajen yanka, fiɗa, taimaka wa dabba haihuwa, ko ɗaukar ɗan da aka yi ɓarinsa da mabiyiya. Shan ɗanyar madara da cizon sauro su ma hanyoyi ne. Ba a taɓa tabbatar da cewa mutum ya sa wa mutum ba, abin da ya bambanta ta da Ebola.

Alamun kan bayyana kwana 2 zuwa 6 bayan kamuwa: zazzaɓi, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi da kasala. Akasarin mutane suna warkewa cikin mako guda. Kaɗan daga cikinsu cutar kan taɓa musu ido har su rasa gani, ko ta shiga ƙwaƙwalwa, ko ta lalata hanta ta jawo shawara da zubar jini. Cikin masu zubar jinin, kusan rabi na rasuwa. Babu wani magani na musamman da ke kashe ƙwayar cutar, kuma babu allurar rigakafin mutane a kasuwa. Abin da likita ke yi shi ne tallafa wa jiki da ƙarin ruwa, ƙarin jini idan ya kama, da rage zafin zazzaɓi. Akwai rigakafin dabbobi, amma ana yin sa ne kafin cutar ta shigo, domin idan ta riga ta shiga garke allurar da ake tsira wa dabba bayan dabba na iya ƙara baza ta.

Cutar ta yi babbar annoba a Masar a 1977, a Muritaniya a 1987 da wasu shekaru bayan nan, a gabashin Afirka a 1997 da 2006. A shekara ta 2000 ta tsallaka zuwa Saudiyya da Yaman, abin da ya sa ƙasashen Larabawa suka hana shigo da dabbobi daga yankin Somaliya da maƙwabtanta na tsawon shekaru.

Kwana 45 na damina ta 2016

Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta sa farkon annobar a ranar 2 ga Agustan 2016. Labarin mutuwar mutane da ɓarin dabbobi a yankin da ke kusa da iyakar Mali bai kai ga hukumar ba sai ranar 30 ga Agusta. Daga nan aka tura tawagar bincike da ta haɗa jami'an lafiya, likitocin dabbobi da masana na cibiyar CERMES ta Yamai. Aka ɗebi jinin mutane da na dabbobi aka aika cibiyar Pasteur ta Dakar, wadda ta tabbatar da cutar ranar 16 ga Satumba.

Daga mutum na farko zuwa sanin sunan cutar an ɗauki kwana 45. Kwana 28 daga ciki sun wuce ne kafin ƙararrawa ta kai sama, wato a matakin ruga, rijiya da ƙauye. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Watan Agusta lokacin zazzaɓin cizon sauro ne, kuma alamun farko na cututtukan biyu iri ɗaya ne. Makiyayan na nesa da gidan likita, hanyoyi sun lalace da ruwa. Sannan ɓarin tunkiya labari ne da ake kai wa ma'aikatan kiwo, idan ma an kai, zazzaɓin mutum kuma ana kai wa majo, alhali layukan biyu ba sa haɗuwa da wuri.

Zuwa ranar 22 ga Satumba an ƙirga mutum 64 da suka kamu a gundumar lafiya ta Tchintabaraden, 28 sun rasu. Akasarinsu maza ne makiyaya da manoma. Lokacin ya zo da haɗari biyu. Babbar Sallah ta faɗo kusan tsakiyar Satumba, sa'ilin da raguna ke kwarara daga arewa zuwa birane. Bikin lasar gishiri na Ingal, wanda aka fi sani da Cure Salée, ya gudana daga 23 zuwa 25 ga watan, kuma OMS ta yi ƙiyasin shanu wajen miliyan 2 na taruwa a yankin a wannan lokaci, ban da ƙananan dabbobi, kafin su watsu su nufi kudu.

Zuwa ƙarshen shekara an gwada jinin mutum 399 da ake zargin sun kamu, aka tabbatar da cutar a jikin 17, yayin da jimillar waɗanda suka rasu ta kai 33. Waɗannan alƙaluma sun nuna abu biyu. Mutuwar ta fi yawa ne a makonnin farko, kafin a san abin da ake fama da shi. Sannan da jama'a suka ji labari suka fara zuwa asibiti, da yawa daga cikin masu zazzaɓin wata cutar ce daban ke damunsu, kuma su ma sun samu magani ta dalilin annobar.

Ƙungiyoyin da suka shigo

BEFEN taƙaitaccen suna ne na Faransanci mai nufin jin daɗin mace da yaro a Nijar. Ƴan Nijar ne masu aikin likita suka kafa ta a 2002. A 2009 ta haɗa gwiwa da ALIMA, ƙungiyar likitoci ta ƙasa da ƙasa da aka kafa a wannan shekara, mai hedikwata a Dakar, suka fara aikin yaran da ke fama da tamowa a Mirya ta jihar Damagaram, daga baya suka faɗaɗa zuwa Dakoro ta jihar Maradi. A Mirya ne suka gwada koya wa iyaye mata auna damtsen yaransu da ɗan zare mai launi uku domin gano tamowa tun a gida, dabarar da ƙasashe da dama suka ɗauka daga baya.

Tsarin aikin nasu shi ne ƙungiyar gida ta kawo ma'aikata ƴan ƙasa da sanin jama'a, ƙungiyar waje ta kawo kuɗin masu ba da tallafi, kayan aiki da ƙwarewa a kan annoba. A Tchintabaraden, tare da hukumomin lafiya, sun buɗe cibiyar jinyar gaggawa ta masu tsananin ciwo, inda ake magani kyauta. Sun kuma fitar da asibitin tafi-da-gidanka da ke zagayawa yankin yana duba marasa lafiya, yana bayyana wa makiyaya yadda cutar ke kama mutum.

Akwai wasu ƙungiyoyin da ke da wurin zama a irin wannan aiki a jihar Tahoua. Croix-Rouge ta Nijar, wadda aka kafa a 1963, doka ta amince da ita a matsayin mataimakiyar hukumomin gwamnati a fannin agaji. Ƙarfinta shi ne ƴan sa-kai mazauna unguwanni da ƙauyuka, kuma tana iya neman kuɗin gaggawa daga asusun tarayyar ƙungiyoyin Croix-Rouge ta duniya cikin ƴan kwanaki. Ƙungiyar sarakunan gargajiya ta Nijar ta daɗe tana aiki da UNICEF a kan rigakafin yara. Ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN suna da mambobi a rugagen da motar gwamnati ba ta cika zuwa ba. Ita kuwa AMN, ƙungiyar ƙananan hukumomin Nijar, ba ta jinyar kowa: aikinta shi ne haɗa magadan gari, horar da su, da matsa wa gwamnatin tsakiya ta sako kuɗin da suka dace da ayyukan da ta miƙa.

Ta wace hanya tallafin ke zuwa

Abu na farko da ƙungiya ke kawowa shi ne sauri. Kuɗin ƙaramar hukuma na bin ƙa'idojin baitulmali: sai an tanadi abu a kasafin kuɗi, an bi matakan sa hannu, kafin a sayi ko da katan ɗaya na safar hannu. Ƙungiyar agaji kuwa tana da kaya a ajiye da asusun gaggawa, tana iya sauke tanti, ruwan ƙari, magani da gidan sauro cikin kwana biyu ko uku.

Na biyu shi ne ma'aikata. Asibitin gunduma a arewa yakan kasance da likitoci ƙalilan, kuma annoba ba ta hana mata haihuwa ko yara zazzaɓi. Idan ƙungiya ta ɗauki nauyin sashen masu annoba, ma'aikatan gwamnati na samun damar ci gaba da sauran aikin. Ƙungiyoyin kan kuma biya ƴan sa-kai kuɗin abinci da na tafiya, su horar da su a kan alamun da za su nema.

Na uku shi ne mota da mai. A Azawak tazarar da ke tsakanin rijiya da CSI mafi kusa na iya cin yini guda a kan raƙumi. Ɗauko mara lafiya, kai samfurin jini Tahoua cikin sanyi, sannan a wuce da shi Yamai mai nisan fiye da kilomita 500, duk aiki ne na mota mai ƙarfi da man fetur, abubuwan da ƙananan hukumomi da yawa ba su da su isassu.

Na huɗu shi ne jinya kyauta. Tun 2006 dokar Nijar ta yafe wa yara ƴan ƙasa da shekara biyar da mata masu awon ciki kuɗin magani, amma babban mutum yana biya. Makiyayin da ya san sai ya sayar da akuya kafin a duba shi zai jinkirta zuwa. Idan aka ce magani kyauta ne, mutane na fitowa da wuri, kuma da fitowarsu ne ake sanin inda cutar ta kai.

Na biyar shi ne saƙo. Ƙungiya na biyan kuɗin lokacin watsa shiri a gidajen rediyon karkara, tana fassara bayanin likitoci zuwa Hausa, Tamashek, Fulatanci da Larabci. A 2016 saƙon gajere ne: a tafasa madara, a dafa nama sosai, kada a yanka dabba mara lafiya, a binne mushe da ɗan ɓari ba tare da taɓa su da hannu tsirara ba.

Inda ƙungiya ba ta iya maye gurbin magajin gari

Duk waɗannan abubuwa biyar suna zuwa ne bayan an buga ƙararrawa. Kwana 28 na farko kuwa ba su cikin hannun wata ƙungiyar waje. Waɗanda suka fara ganin ɓari su ne mai garke, matarsa mai tatsa, dillalin kasuwa da mahauci. Waɗannan mutane suna hulɗa da ƙaramar hukuma kowane mako: mai karɓar haraji na tsaye a ƙofar kasuwar dabbobi, sarkin fawa na da magana da ma'aikatar magajin gari a kan mayanka, sarakunan gargajiya da na rukunonin makiyaya kuma a wancan lokaci suna da kujera a majalisar ƙaramar hukuma a matsayin masu ba da shawara.

Nijar ma tana da tsarin da aka gina domin irin wannan kunne. Bayan yunwar 2005 an ƙarfafa kwamitocin faɗakarwa na ƙauyuka da ake kira SCAP/RU, da kwamitin sa ido na ƙaramar hukuma da ake kira OSV, wanda magajin gari ke jagoranta. Aikinsu shi ne tattara labarin abinci, farashi, lafiyar mutane da ta dabbobi su aika sama. Inda wata ƙungiya ke biyan kuɗin taro da na waya, kwamitocin na aiki. Inda aikin ƙungiyar ya ƙare ba tare da ƙaramar hukuma ta sa musu wani abu a kasafin kuɗinta ba, sukan yi barci. A nan ne ake gane tallafin da ya zauna da wanda ya wuce da motar da ta kawo shi.

Batun kasuwa ya fi kowanne wuya. Ga ƙaramar hukumar makiyaya, harajin da ake karɓa a kan kowace dabba da ta shiga kasuwa ko aka sayar yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗi. Taƙaita zirga-zirgar dabbobi ko tsananta binciken nama na nufin ƙaramar hukuma ta rage wa kanta kuɗin shiga, a daidai lokacin da makiyayi ke jiran Sallah ya sayar da raguna ya sayi hatsi. Likitan ƙungiya na iya cewa ga abin da ya kamata a yi. Wanda zai tsaya gaban dillalai da mahauta ya shawo kansu, ya kuma zauna da su a gari ɗaya bayan annoba ta wuce, shi ne magajin gari da sarki. Haka nan hana makiyayi shan ɗanyar madara, wadda ita ce abincinsa na damina, ko hana shi yanka dabbar da ta kusa mutuwa don kada ta zama mushe, magana ce da sai ta fito daga bakin wanda ya yarda da shi, ardo, tambari ko limami.

Me ya shafi mazaunin birnin Tahoua

Annobar 2016 ta tsaya ne a arewa, amma hanyoyin da za ta iya bi zuwa birni a buɗe suke. Dabbobin Azawak na gangarowa ta Abalak da Tchintabaraden zuwa kasuwannin Tahoua da Badaguichiri, daga nan zuwa Konni da Najeriya. Tabkin Tabalak da ke kan hanyar Agadas na tara dabbobi, masunta da masu lambu, kuma wuri ne da sauro ke samun abin da yake so. Masu tsananin ciwo daga gundumomin arewa babban asibitin jiha na Tahoua ake kawo su. A birni, mahauci, mai fiɗa, mai wankin kayan ciki da magidancin da ke yanka ragon layya a ƙofar gida su ne a sahun gaba.

Sauran annobar da jihar ta saba gani su ma suna bin wannan tsari na raba aiki. Kwalarar 2018, wadda ta faro daga Madarounfa ta jihar Maradi, ta shigo kudancin jihar Tahoua, kuma cutar ta sake dawowa a 2021 da 2024. A kwalara, ƙungiyoyi na kafa wurin jinya, suna raba sinadarin tsabtace ruwa da sabulu, amma kwashe shara, yashe magudanai, sa ido a kan masu sayar da abinci da ruwa a tasha da kasuwa aikin ma'aikatar magajin gari ne. A lokacin korona, bayan samun mutum na farko a Yamai ranar 19 ga Maris 2020, umarni daga sama ya zo, amma a kasuwanni da tashoshin ƙananan hukumomi ne aka ga ko an bi shi.

Iyakar tallafin

Tallafin ƙungiya yana da iyaka guda uku da jihar Tahoua ta riga ta gani da idonta. Ta farko ita ce tsaro. Ana tsakiyar yaƙi da zazzaɓin Rift, ranar 6 ga Oktoban 2016, ƴan bindiga suka kai hari Tazalit a gundumar Tassara suka kashe sojoji 22 da ke gadin wurin ƴan gudun hijirar Mali. Ranar 14 ga watan aka sace wani ma'aikacin agaji Ba'amurke a gidansa da ke Abalak. A 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a gundumomin Tassara da Tillia, kuma a watan Maris na 2021 an kashe fararen hula 137 a ƙauyukan Tillia. Duk lokacin da hanya ta rufe wa motar ƙungiya, ma'aikacin ɗakin shan magani da ɗan sa-kai mazaunin wurin kaɗai ke saura.

Ta biyu ita ce kuɗi. Yawancin ƙungiyoyin lafiya, har da na gida, suna rayuwa ne da kuɗin Tarayyar Turai, Amurka da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma kuɗin gaggawa na ƴan watanni ne. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta na waje, ta rushe hukumar USAID, abin da ya taɓa ayyukan lafiya a duk yankin Sahel.

Ta uku ita ce izini. Ƙungiya na aiki ne da amincewar gwamnati, bisa dokar ƙungiyoyi ta 1 ga Maris 1984 da ƙa'idojin da suka biyo bayanta, kuma ana iya janye amincewar. A watan Nuwamban 2024 hukumomi sun janye izinin ƙungiyar ACTED ta Faransa da na APBE ta Nijar. A watan Fabrairun 2025 suka umarci kwamitin ƙasa da ƙasa na Croix-Rouge, wato CICR, ya rufe ofisoshinsa. Shi CICR daban yake da Croix-Rouge ta Nijar, wadda ƙungiyar ƴan ƙasa ce.

Su ma ƙananan hukumomin sun sauya. A watan Afrilun 2024 majalisar mulkin soja ta CNSP ta rushe majalisun ƙananan hukumomi, na birane da na jihohi, ta naɗa jami'an riƙo a madadin zaɓaɓɓun magadan gari. Ayyukan da doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma a kan tsabta, kasuwa da gidajen likita na nan a wuyan wanda ke riƙe da kujerar, sai dai kansalolin da a da ke kawo labarin ƙauyukansu zauren majalisa ba sa zama.

Abin da ya kamata a riƙe

Ga hukumomi da ƙungiyoyi, darasin 2016 shi ne haɗa likitan mutane da likitan dabbobi a kan tebur ɗaya tun kafin damina, tsarin da ake kira lafiya ɗaya. Ƙaramar hukumar da ta ware ɗan kuɗi don kwamitin sa idonta, ta san lambar wayar kowane ardo da mai gari, ta kuma rubuta yarjejeniya da ƙungiyar da ke aiki a ƙasarta a kan wa zai yi me ranar da abu ya faru, ta rage wa kanta makonnin jira.

Ga magidanci da mai kiwo, ƙa'idojin ba su da tsada. Idan dabbobi da yawa suka yi ɓari a lokaci guda, ko ƙanana suka fara mutuwa bayan ruwa mai yawa, a sanar da ma'aikacin kiwo da mai gari a ranar, ko da babu mutumin da ya kwanta. Kada a taɓa ɗan ɓari, mabiyiya ko mushe da hannu tsirara. A sa safar hannu ko leda, a binne da zurfi, a wanke hannu da sabulu. A sayi naman da ya fito daga mayankar da likitan dabbobi ya duba, a tafasa madara, a kwana cikin gidan sauro. Wanda zazzaɓi ya kama bayan ya yi yanka, fiɗa ko ya taimaka wa dabba haihuwa, ya je CSI ya faɗa wa majo wannan aikin da ya yi, musamman idan gwajin zazzaɓin cizon sauro bai nuna komai ba, ko idonsa ya yi rawaya, ko jini ya fara fita ta hanci ko dasashi.